Aikin Miƙar da Ƙashin Bayan da Ya Sandare a Ranƙwafe

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Yau daga nan Zariya za mu yi bayani a kan wani aikin tiyata da mutane da yawa ba su ma san ana yinsa ba, wato aikin miƙar da bayan mutumin da cuta ta ranƙwafar da shi tun da sauran ƙarfinsa. Likitoci suna kiran cutar ankilosin sifondilaitis. Mu a nan za mu riƙa ce mata cutar sandarewar ƙashin baya.

[Hoto: zanen ƙashin baya daga gefe]

Ku dubi wannan zanen. Ƙashin baya ƙananan ƙasusuwa ne a jere, 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a kwankwaso, kuma a tsakaninsu akwai faifan guringuntsi mai taushi. Da wannan faifan da 'yan ƙananan gaɓoɓin da ke ta baya, su ne suke ba mutum damar yin ruku'u, da waiwaye, da sunkuyawa ya ɗauki abu. Ta tsakiyar ƙasusuwan kuma laka ta ratsa, ita ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannuwa da ƙafafu da mafitsara.

A wannan cuta, garkuwar jiki ce take ta da kumburi a gaɓoɓin. Yawanci yana farawa ne daga can ƙasa, inda ƙashin baya ya zauna a kan ƙugu, sannan ya riƙa hawa sama. Duk lokacin da kumburin ya lafa, jiki sai ya gyara wurin da sabon ƙashi. Shekara ta zo ta wuce, sabon ƙashin nan ya yi ta tsirowa daga gefen wannan ƙashi zuwa na kusa da shi, har su haɗe. A hoton ƙashi sai ka ga bayan ya koma kamar sandar gora, ga gaɓoɓi nan ana gani, amma babu wadda take motsi.

Ba ciwon tsufa ba ne. Yana farawa kafin shekara 45, galibi a samartaka, kuma ya fi yi wa maza tsanani. Ciwon bayan noma ko dako, in ka kwanta ka huta sai ya yi sauƙi. Wannan akasin haka yake: kwanciya ce take tayar da shi. Yakan tashi mutum daga barci kafin asuba, ya wayi gari bayansa a riƙe fiye da rabin awa, sai ya yi ta kai da kawowa sannan ya sake shi. Saboda zafin, mutum yakan riƙa ɗan ranƙwafawa, ya kwana a duƙunƙune, ya tara matasai a ƙarƙashin kansa. To a yadda ya saba ajiye jikinsa, a haka ƙashin yake daskarewa.

A nan bari in tsaya kaɗan, don kada wani ya ga mai ƙusumbi a unguwarsu ya yanke hukunci. A ƙasarmu, tarin fuka na ƙashin baya ya fi wannan cutar yawa nesa ba kusa ba. Shi yakan cinye ƙashi ɗaya ko biyu, sai doro ya turo da tsini a wuri guda, ga zazzaɓi, ga gumin dare, ga rama. Maganinsa na sha ne tukuna, kuma a nan Zariya muna da cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye. Ita kuwa cutar sandarewa, bayan ne gaba ɗaya yake yin baka. Tana da alaƙa da wata ƙwayar gado mai suna HLA-B27, wadda ba ta da yawa a jikin mutanen Afirka ta Yamma. Ƙarancin nata shi ke sa ba a kawo ta a rai. Saurayi sai ya shekara goma ana ce masa sanyin ƙashi ne, basir ne, amosani ne, wani ma a ce sammu ne, yana ta shan jiƙe-jiƙe, bayansa kuwa yana ta haɗewa. Wannan jinkirin shi ya fi ci mini rai a cikin lamarin duka, domin mafi yawan waɗanda aka gano tasu da wuri, da magungunan kashe kumburi, da motsa jiki kullum, da barin taba sigari, ba sa kaiwa ga wuƙar likita.

To wane ne ake yi wa aikin? Wanda bayansa ya riga ya daskare a ranƙwafe har rayuwa ta yi masa wuya. Ba ya iya kallon gabansa, tsallaka titi a Ƙofar Doka ko Tudun Wada sai an riƙe masa hannu. In zai gaisa da mutum sai ya lanƙwasa gwiwoyi ya tura ƙugu gaba, minti kaɗan cinyoyinsa sun gaji. Wani haƙarƙarinsa ya sauko ya danne ciki, loma kaɗan ya ƙoshi. Wani kuma haɓarsa ce ta kwanta a ƙirji, buɗe baki ma aiki ne.

[Hoto: ɗakin duba marasa lafiya]

Likita zai ce, "Malam, jingina da bangon nan, dunduniyarka ta taɓa shi." Mai lafiya ƙeyarsa za ta taɓa bango nan take. Shi wannan, likita zai sa tef ya auna tazarar da ke tsakanin ƙeyarsa da bangon. Sannan ya zagaya ƙirjinsa da tef ɗin ya ce, "Ja numfashi iya ƙarfinka," ya ga ko ƙirjin yana buɗewa, domin cutar tana riƙe gaɓoɓin haƙarƙari su ma. Bayan haka a ɗauki hoton ƙashin bayan duka yana tsaye, a yi sikanin CT da MRI, a duba huhu da zuciya da ƙwarin ƙashi. Idan gaɓar katararsa ta sandare a lanƙwashe, sau da yawa ita ake fara sauyawa da ta roba da ƙarfe, wani lokaci ma wannan kaɗai ya rage ranƙwafawar sosai.

Akwai awo guda da nake so ku kula da shi. Ana ɗaukar hoton mutum daga gefe, a ja layi daga girarsa zuwa haɓarsa, a ga digiri nawa fuskarsa ta karkata zuwa ƙasa. Ba a neman a mayar da wannan karkatar sifili. Da gangan ake bar masa kamar digiri 10 zuwa 20. Me ya sa? Domin bayan da wuyan ba za su sake lanƙwasuwa ba ko bayan aiki. In aka miƙar da shi fiye da kima, zai ga gabansa, amma ba zai ga matakalar da zai taka ba, ba zai ga kwanon abincinsa ba, ba zai ga littafin da ke hannunsa ba. Aikin nan ba ya mayar wa baya da taushinsa, kuma ba ya warkar da cutar. Abin da yake yi shi ne ya sauya tsayuwar da ƙashin ya daskare a kanta zuwa wadda mutum zai iya rayuwa da ita. Duk wanda zai shiga ɗakin tiyata ya kamata ya ji wannan da kunnensa tun da farko.

Likitan da ya fara bayyana aikin shi ne Smith-Petersen, a birnin Boston na Amurka, a 1945. A hanyarsa, ana cire ƙashi daga ta baya, a tanƙwara gadon bayan har gabansa ya tsage ya buɗe. An samu miƙewa, amma babbar jijiyar jini da ke kwance a gaban ƙashin baya tana ɗamewa, wani lokaci ta yage. A 1985 wani likita ɗan Denmak mai suna Thomasen ya bayyana hanyar da aka fi bi yanzu a wannan cuta, inda ake rufe giɓi maimakon buɗe shi.

[Hoto: zanen yadda ake yanke ƙashin]

Tun daga sa barci ake fara taka-tsantsan. Wuyan da ba ya motsi ba a iya tanƙwara shi a zura bututun numfashi yadda aka saba, don haka sau da yawa ana zura shi da siririyar kyamara, mutum yana farke, an kashe masa maƙogwaro da magani. Sai a kwantar da shi rub da ciki a kan gadon tiyata da aka lanƙwasa daidai da siffar jikinsa, ana tallafe ko'ina da matasai. Likita ya buɗe bayan, ya ɗaura notuna a ƙasusuwan da ke sama da ƙasa da inda zai yanka. Sannan ya zaɓi ƙashi ɗaya a kwankwaso, yawanci na 2 ko na 3, ya sassaƙe wani yanki daga cikinsa mai faɗi ta baya, mai tsini ta gaba. Ana zaɓar nan ne saboda laka tana ƙarewa a wajen ƙashi na 1 zuwa na 2 na kwankwaso. Daga nan ƙasa reshen jijiyoyi ne, waɗanda suka fi laka jure taɓawa. Kuma gyara kaɗan a can ƙasa yana ɗaga kai da nisa a sama.

Daga nan sai a fara miƙar da gadon tiyatar a hankali, a hankali, ana ɗaga ƙafafu da ƙirji, likita yana kallon giɓin nan yana matsewa har ƙashi ya taɓa ƙashi. A ɗaure da sanduna na ƙarfen titaniyam ko makamancinsa. Yanka ɗaya irin wannan yana ba da gyaran digiri 30 zuwa 35. In ranƙwafawar ta yi tsanani, a yi a wuri biyu. Wanda matsalarsa a wuya take, ana yi masa a mahaɗar wuya da ƙirji, kuma wannan ya fi hatsari domin can laka ce da kanta. Duk tsawon aikin akwai na'ura da ke gwada ko saƙo yana isa ƙafafu. Inda babu ita, akan ɗan farkar da mutum a ce masa ya motsa yatsun ƙafa.

Babban aiki ne na awanni da yawa, kuma ana zubar da jini, don haka 'yan uwa su shirya ba da ledojin jini tun kafin ranar. Jijiya na iya taɓuwa ƙafa ta yi rauni, galibi na ɗan lokaci, amma akwai wanda nasa ba ya dawowa. Rauni na iya ruɓewa, sandar ƙarfe na iya karyewa in ƙashin bai haɗe ba, kuma ana iya rasa rai. Kuɗinsa ma ba kaɗan ba ne. Saboda haka kada kunya ta hana ku tambaya: "Ranka ya daɗe, ka taɓa yin irin wannan aikin? Akwai na'urar lura da jijiyoyi? Akwai gado a sashen kulawa ta musamman?" Likitan ƙwarai ba zai ji haushi ba. Mutumin Zariya zai iya farawa daga sashen ƙashi na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, su duba shi su faɗa masa inda ya dace.

Bayan aiki, cikin 'yan kwanaki ake tayar da mutum tsaye, masu gashin ƙashi suna koya masa tafiya da sabuwar tsayuwarsa. Wasu za su sa rigar roba mai tauri na 'yan watanni kafin ƙashin ya kama. Salla kuwa a zaune a kujera, da nuni. Maganin cutar yana ci gaba, kuma in za a sa shi a kan alluran zamani irin su adalimumab, dole a fara gwada shi tarin fuka da ciwon hanta. Ranar da idonsa ya yi ja yana zafi, ba ya son haske, ya ga likitan ido a ranar, domin cutar tana taɓa ido.

Sai gargaɗi ga iyali, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Bayan da ya sandare ƙashinsa ba shi da ƙwari, faɗuwa a makewayi ko tsallen acaɓa a kan rami na iya karya shi. Don Allah kada a kai shi wurin mai ɗori a ce a ja shi ko a taka masa baya ya miƙe. In ya faɗi ko ya yi hatsari ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, a ɗauka karaya ce har sai sikanin ya nuna ba ita ba ce. Kada a kwantar da shi a shimfiɗe a danne kansa ƙasa. A tallafe kai da wuya da matasai a yadda ya saba ranƙwafawa, a kai shi asibiti a haka, kuma tun daga bakin ƙofa a gaya wa ma'aikata cewa yana da cutar sandarewar ƙashin baya.