Yadda ƙwayar HIV ta koyi bijire wa magani a ƙasar Sin

Akwai wani lardi mai suna Henan a tsakiyar ƙasar Sin, inda a shekarun 1990 manoma da yawa suka riƙa sayar da ruwan jininsu domin samun abin sakawa a bakin salati. A wasu cibiyoyin akan haɗa jinin mutane wuri guda, a tace ruwan, sannan a mayar wa kowa da ragowar a jikinsa, kuma ta haka cutar ƙanjamau ta ratsa ƙauyuka gida-gida.

A shekarar 2003 gwamnati ta fara raba magungunan rage kaifin cutar kyauta, waɗannan manoma kuwa suna cikin waɗanda suka fara karɓa. Abin da ke hannu a lokacin shi ne irin su didanosine da stavudine da nevirapine, waɗanda ake haɗawa a cikin ƙasar ta Sin, kuma suna galabaitar da mai shan su: tashin zuciya, gudawa, ƙafafu su riƙa zugi cikin dare. Manomin da gona ke jiransa sai ya sha yau, ya ajiye gobe, kuma da wuya a ga laifinsa.

To, a nan gizo ke saƙar. Ƙwayar HIV tana hayayyafa biliyoyi a kowace rana, kuma tana yawan yin kuskure wajen kwafar kanta. Idan mutum ya daina shan magani, sauran magungunan sukan riga nevirapine fita daga jini, a bar shi shi kaɗai, kuma ƙarfinsa na raguwa. Duk ƙwayar da kuskurenta ya zo daidai da jure masa ita ce za ta tsira ta yaɗu. Sauyi guda ɗaya tak, wanda masana ke kira K103N, ya isa ya kashe tasirin nevirapine da ɗan'uwansa efavirenz baki ɗaya. Da yake gwajin yawan ƙwayar cuta a jini bai wadata a karkara ba a farkon shirin, mutane sun daɗe suna haɗiyar maganin da ya riga ya daina aiki, ƙwayar kuma tana ƙara tara wasu sauye-sauyen.

Daga baya an shigo da lamivudine da tenofovir, an tanadi lopinavir ga waɗanda maganin farko ya gaza, sannan a 2016 aka fara ba duk mai ɗauke da cutar magani ba tare da jiran garkuwar jikinsa ta faɗi ba. Sai dai ƙwayar da ta bijire tana iya kama wani, har a sami mutumin da bai taɓa shan magani ba amma efavirenz ba ya masa aiki. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegravir, wanda bijire masa ke da wuya, amma a Sin an daɗe ana dogaro da efavirenz a shirin kyauta, sabbin magungunan kuwa an daɗe ba a samunsu sai ta inshorar lafiya ko kuɗin aljihu.