Laftof biyu kuɗɗi ɗaya: wacce za ka ɗauka don gyaran hoto da layif?

Assalamu alaikum jama'ar Sakkwato, barkanku da warhaka. Yau maganar laftof za mu yi, don wani ƙanena mai ɗaukar hoton biki ya shiga shago anka aje mai guda biyu kuɗɗinsu ɗaya, ɗaya an manna mata sitika i7 babba, ɗayar i5 ce (sunayen firosesan Intel ne, wato ƙwaƙwalwar injin), shi kuwa idonai na kan i7 ɗin nan kamar an ɗaure shi.

To tsaya, duba lambar da ke bayan sunan. i7-7500U kowa (core, wato sassan da ke raba aiki cikin firosesa) biyu gare shi kacal, amma i5-8250U kowa huɗu, wato ƙaramin suna ya hi babba aiki. Lambar farko (7 a 7500U, 8 a 8250U) ita ce janareshan, wato zubi na nawa ne, kuma Windows 11 daga na 8 ta fara karɓa a hukumance, ita kuwa Windows 10 tun Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafa mata. Masu sayen tokumbo ku riƙe wagga.

Amma ni abin da nike fara dubawa sikirin ne, don shi ba a canza shi cikin sauƙi. RAM (ma'ajiyar aikin da injin ke kan yi) ana ƙarawa in ba liƙaƙƙe ba ne, SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri) ma haka, amma sikirin in ka saya ka saya ke nan. Da yawan laftof ɗin gem masu sauƙin kuɗɗi an rubuta musu 45% NTSC (ma'aunin yawan kalar da sikirin ke iya nunawa), wanga kashi sittin da 'yan kai ne kawai na launin sRGB, ma'aunin da hotunan intanet ke bi. Mi wannan ke nufi? Kana Lightroom, manhajar gyaran hoto, kana gyara hoton amarya, jan lalle da leshinta sun yi maka fari-fari a ido sai ka yi ta ƙara kala kana ƙarawa, ka tura WhatsApp, uwar amarya ta buɗe a wayarta ta ga ɗiyarta ta koma kalar manja, wallahi ranar sai ka kashe waya. Nemi sikirin IPS, wanda kalarshi ba ta juyewa in ka karkata shi, mai 100% sRGB. In mai shago bai sani ba, ɗauki lambar model ɗin ka bincika, ko ka buɗe hoto guda a wayarka da laftof ɗin ka jera su, sannan ka karkata murfin ka ga ko kalar na juyewa.

RAM kuwa 16GB, Photoshop da Lightroom tare a kan 8GB haƙuri ne kawai. Hard disk mai juyawa kar ma ka tsaya, ko 1TB ne, SSD 512GB ya fiye maka.

Sai layif. In wa'azi ko kamu za ka haska a Facebook da kyamara ɗaya ta manhajar haska layif OBS, Quick Sync, sashen sarrafa bidiyo da ke cikin Intel, ya isa, bidiyon 720p ma megabit 3 zuwa 4 a daƙiƙa yake so wajen turawa, netwok ne zai fara ba ka matsala kahin injin. In kuwa gem kake haskawa to nan katin hoto na Nvidia irin RTX 3050 ke da rana, NVENC ɗinshi, wato nashi sashen sarrafa bidiyo, shi ke ɗauke nauyin. Sai dai shina shan batir, ga zahi, kuma kun san Afrilun Sakkwato digiri 40 ba labari ba ne, injin in ya yi zahi da kanshi yake rage gudu, ga ƙurar hunturu na toshe fanka.

Ƙanen nawa dai i5 ɗin munka ɗauko mai, da canjin da ya rage wajen ciniki munka haɗa mai da fankar ɗorawa.