Jawabin maraba ga Emma Meesseman daga kwamitin iyayen 'yan mata masu ƙwallon kwando a Burusel

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranki ya daɗe babbar baƙuwarmu Emma Meesseman, malamanmu da dattawan da suka bar aikinsu suka zo, iyaye mata da tun asuba suke kan murhu, samari da 'yan matanmu, kowa da kowa sannu da zuwa. Da Hausa muka rubuta jawabin nan don da ita muka yi zaman kwamiti, ɗiyarmu da ke zaune kusa da ke za ta dinga juya miki shi da yarenku, a nan aka haife ta kuma makarantar Filaman ta yi.

Ranki ya daɗe, bari mu fara da abin da ya hana mu barci tun kafin mu shiga yabo, kada lokaci ya ƙure ba mu faɗa ba. Yaranmu mata ba su da zauren wasa mai rufi. Awa biyu muke nema, sau biyu a mako, daga Oktoba zuwa Maris, kuma abin da muke roƙo a wurinki shi ne takarda guda mai ɗauke da sa hannunki da za mu haɗa da tamu mu kai inda ake rabon lokacin zaure. Za mu dawo kan maganar.

Wacece ke, ba sai an gaya wa kowa a ɗakin nan ba. 'Yar garin Ieper a nan Beljiyam, haihuwar 1993, ɗiyar Sonja Tankrey wadda ita ma ta yi suna a wannan wasa a zamaninta, barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kin taso a Blue Cats ta garinku, a 2011 kin ci kofin Turai na 'yan ƙasa da shekara 18, daga nan sai Villeneuve-d'Ascq a Faransa, sai Rasha, sai Fenerbahçe a Turkiyya, kofin EuroLeague kuwa, wato na manyan kulob-kulob na Turai, daga 2016 zuwa 2024 kin ɗaga shi sau 6, huɗu da Ekaterinburg ta Rasha biyu da Fenerbahçe. A 2013 Washington Mystics ta Amurka ta ɗauke ki a matsayi na 19, wato sai da aka zaɓi mutum 18 kafin a waiwaye ki, amma a 2019 da kuka ci kofin WNBA, babbar gasar ƙwallon kwandon mata ta Amurka, ke aka ba kyautar gwarzuwar wasannin ƙarshe, alhali daga benci kike tasowa, abin da ba a taɓa yi ba kafin ke. Ranki ya daɗe, Allah Ya ƙara ɗaukaka.

Mu kuma ga namu tarihin, don ki san hannun wa kika shigo. Mu Hausawa ne da masu jin Hausa, daga Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, daga Kano da Sakkwato, da 'yan zangon Kumasi da Ankara. Na farkonmu sun sauka garin nan da jaka guda, da yawansu a titin Heyvaert suka fara neman abinci, cikin harkar tsofaffin motoci da ake lodawa a jirgin ruwa a Antwerp a sauke a Kwatano. Sun wanke mota cikin sanyin da yake fasa yatsu, sun yi dako a kasuwar Abattoir, matanmu sun yi sharar ofisoshi tun kafin gari ya waye, da wannan gumin aka biya haya aka sa yara makaranta. Yau cikin 'ya'yanmu akwai masu jinya a asibiti, akwai direbobin tiram, akwai masu karatu a jami'a, suna jin Faransanci da Filamanci da Hausa, muna biyan haraji kamar kowa. Muna faɗin haka da ƙarfi ne domin sau da yawa in an ambaci unguwanninmu a labarai ba alheri ake faɗa ba, kuma abin yana mana ciwo, wallahi yana mana ciwo.

Wasan 'yan matan nan kuwa ke ce silarsa ko ba ki sani ba. A watan Yuni na 2023 da Belgian Cats, ƙungiyarku ta matan ƙasar Beljiyam, suka doke Sifaniya 64 da 58 a Ljubljana suka ɗauki kofin Turai karo na farko, a falon ɗaya daga cikinmu aka taru ana kallo, yara a ƙasa kan darduma manya a kujera. Washegari 'yan mata suka karɓe ƙwallon yayyensu maza suka fita filin unguwa, to daga ranar ba su daina ba. Da farko wasu iyaye sun ja baya, suna cewa ɗiya mace da tsalle-tsalle a waje, sai da muka zauna da malamai muka kawo hujja cewa tun 2017 FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta amince mace ta yi wasa da kanta a rufe, muka kuma yi alkawarin kullum akwai uwa biyu a bakin fili har a tashi. Iyayen da suka fi kowa ƙi a lokacin, yanzu su ne suke kawo ruwa da lemo.

A 2024 da aka yi wasannin Olamfik na Faris, mun gan ki riƙe da tutar ƙasa ranar buɗewa, kuma da yake a Lille aka buga zagayen farko, nan kusa, wasu iyaye suka yi karo-karo suka kai yara kallon wasanku da Japan. Ana cewa sai kun ci da ratar maki 27 kafin ku wuce, kuka ci 85 da 58, ashirin da bakwai cif ba ƙari ba ragi. Yaran nan sun dawo muryarsu a dishe. Da Faransa ta fitar da ku a wasan kusa da na ƙarshe bayan ƙarin lokaci, sannan Ostareliya ta ɗauke tagulla kuka ƙare na huɗu, akwai gidajen da ba a ci tuwon dare ba. Sai ga 2025 a Girka, Sifaniya tana gaba da maki 12 saura ƙasa da minti uku, wasu cikinmu har sun tashi za su yi alwala, kuka juye wasan kuka ci 67 da 65, aka sake ba ki gwarzuwar gasa karo na biyu a jere. Tun daga ranar in an ci yaranmu a wasa ba mai zama a ƙasa, sai ka ji wata ta ce saura minti uku.

To ranki ya daɗe, ga filin da waɗannan yara suke wasa a kai. Siminti ne a waje, ya tsattsage, kwando ɗaya ya lanƙwashe ɗayan ba raga, in an yi ruwa sai ya kwanta a daidai inda ake tsayawa a yi jifa, sai an zo da tsintsiya da bokiti an kwashe kafin a fara. Ke kin san Disamba a ƙasar nan, kafin ƙarfe biyar duhu ya rufe, yara kuma sai wajen huɗu suke dawowa daga makaranta. Mun ga iyaye mata sun jeru a bakin fili sun kunna fitilar waya suna haska wa yara kwando, hannu na rawa don sanyi. Bara wata yarinya ta zame kan ganyen da ya jiƙe ta gurɗe ƙafa, sati shida tana dogara sanda, mahaifinta ya ce ta gama wasa ke nan, kuma ba mu da bakin ba shi haƙuri. Duk shekara in sanyi ya shigo sai mu rasa yara, in bazara ta dawo sai mu koma farko kamar ba a taɓa koya musu komai ba.

Ba zama muka yi muka naɗe hannu ba. Mun cika takardu, mun biya inshora, mun kai wani ofishi da ba za mu kira sunansa ba, aka ce mu jira, muka jira, muka koma aka ce lokutan duk an raba wa tsofaffin kulob, mu sake nema baɗi. Baɗin ta zo aka maimaita mana magana ɗaya. Akwai daren da muka wuce ta gaban wani zaure muka ga fitila a kunne ba kowa a ciki, yaranmu kuma suna waje cikin yayyafi. Ba kyauta muke nema ba, kuɗin haya mun tara shi da adashi yana nan a ajiye. Abin da muka rasa shi ne wanda in ya yi magana za a saurara, ke kuwa in sunanki yana kan takarda ba za a tura ta ƙasan tebur ba.

Akwai roƙo na biyu, ƙarami ne amma yana kusa da zuciyarmu. Duniya ta san da raunin ji aka haife ki kuma da na'urar ji a kunnuwanki kika yi duk wannan abin da muka lissafa. Muna da yarinya a cikinmu mai irin wannan lalura, da can cire na'urarta take yi ta ɓoye a aljihu kafin ta shiga fili don kada a yi mata dariya, sai ya zama ba ta jin usur ba ta jin kiran abokan wasa, kullum ita ake ɗora wa laifi. Ranar da mahaifiyarta ta nuna mata hotonki ta ce duba kunnenta, yarinyar nan ta daɗe tana kallon wayar ba ta ce komai ba, amma tun daga lokacin da abarta take wasa. Tana nan a layi na biyu. In kin samu minti biyar bayan taro ki zauna da ita da mai horar da su, ki nuna masa yadda ake ba irinta umarni da hannu da ido, shi ɗan sa kai ne, ba wanda ya taɓa koya masa.

Riguna da ƙwallaye muna buƙata, amma waɗannan za mu iya da kanmu a hankali, kada su ɗauke miki hankali daga zauren. Awa biyu, sau biyu a mako, Oktoba zuwa Maris. Mun riga mun rubuta takardar da Faransanci da Filamanci tana cikin ambulan ɗin da ke gabanki, ki karanta, in akwai abin gyara ki gyara, in ta yi miki ki sa hannu.

Iyaye mata sun yi miki dambu da kilishi da fura, ga kuma atamfa da muka ɗinka miki, telan ya sha tambaya ko da gaske tsawon mita 1.93 ne. Kafin a zuba abinci muna roƙon ki taka da mu zuwa filin, tafiyar minti kaɗan ce, ki gan shi da idonki, yaran sun share ruwan tun safe suna jiranki. Allah Ya saka da alheri, Ya kiyaye ki daga rauni, Ya mayar da ke gida lafiya.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin iyaye, a madadin dukkan jama'a.