Sana'ar Ƙungiya: Yadda Matasa Za Su Tara Kuɗin Aikin Unguwa Da Guminsu

(Lacca ce da aka gabatar wa shugabannin ƙungiyoyin matasa a garin Gombe. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa, an rage maimaici.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu masu unguwanni, malamanmu, shugabannin ƙungiyoyi, ƙannena maza da mata, barkanku da zuwa.

Yawancin ƙungiyoyinmu, daga Pantami har Bolari da Jekadafari, hanya ɗaya suka sani idan ana neman kuɗi: a buga kati, a kafa rumfa, a gayyato mai hali ya ƙaddamar da gidauniya. Ya yi alƙawari a lasifika, a tafa, sannan sakatare ya yi ta sintiri a ƙofar gidansa. Ko kuɗin ya fito, ba abin da yaro ya koya illa jiran hannun wani. Abin da nake so mu tattauna yau shi ne ƙungiya ta sayar da wani abu da hannunta, ribar ta tafi ga aikin unguwa, yaran kuma su tashi da sanin ciniki da lissafi.

Kafin a sayi ko cokalin sukari, a fara sa wa aikin suna da farashi. Kada a ce "muna tara kuɗin ci gaban unguwa", wannan ba ya motsa kowa. A ce za mu gyara famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallaci, makaniki ya duba, ga abin da ya ce zai ci. Ko benci goma na Islamiyya, ko kuɗin rajistar NECO na marayu uku, ko hayar baro da shebur don yashe kwalbati kafin damina, tunda kun san yadda ruwa ke yi wa garin nan. A rubuta a kwali, a kafe a gaban teburin sayarwa. Mutum zai sayi zoɓonku ko ba ya jin ƙishirwa idan ya san famfon da matarsa ke ɗiban ruwa za a gyara.

Sai zaɓen haja, kuma lokaci ne ke zaɓa muku. Da azumi, musamman idan ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, zoɓo da ƙanƙara da dabino ne ke tafiya. Gab da salla, sabulun ruwa da turaren wuta. Farkon damina, dashen itatuwa. Ina ba da shawarar sabuwar ƙungiya ta guji kunun aya. Yana da kasuwa, amma idan babu sanyi cikin 'yan awoyi yake tsami, kuma wutar lantarkinmu ba abin dogaro ba ce. Zoɓo ya fi shi haƙuri, duk da shi ma kwana ɗaya zuwa biyu ne idan ba firiji.

Bari in tsaya a kan zoɓon, don a nan ake gane ko ƙungiya ta iya lissafi. Jarka mai lita 20 tana cika gora 40 masu rabin lita a takarda. A aikace, bayan tacewa da zubewa, ku sa ran 38. Mu ɗauka, a misali kawai tunda farashi kullum canzawa yake, kun kashe naira 6,000. Cikin wannan dole a sa komai: zoɓorodo, sukari, citta, kanumfari, gora, ƙanƙara, gawayi ko itace, ruwan da aka saya wurin mai kura, har kuɗin Keke Napep zuwa Babbar Kasuwa da dawowa. Waɗannan na ƙarshe su ake mantawa, su ne kuma ke cinye riba. To, 6,000 a raba gida 38, kowace gora ta tsaya muku kusan naira 158. Idan kun sayar a 200, kuɗin da zai shigo 7,600 ne, riba 1,600. Yanzu ku saurara da kyau. Idan gora takwas kacal suka yi kwantai, ko 'yan ƙungiya suka sha da sunan ɗanɗano, ko aka ba abokai, saura 30, kuɗinsu 6,000 cif. Kun wuni a gaban murhu a banza. Yaron da ya yi wannan lissafin da hannunsa sau ɗaya, ba sai an sake yi masa wa'azi a kan kyautar da kayan jari ba.

Don haka ranar farko a yi kaɗan, rabin jarka, a ga yadda kasuwa za ta karɓa. A wanke zoɓorodon sosai saboda yashi. A tafasa ruwa, a tace da kyalle mai tsabta, a bari ya huce kafin a ɗura, domin zafi yana lanƙwasa gorar roba. Idan tsofaffin goruna za a yi amfani da su, a wanke da sabulu da ruwan ɗumi, a kife su bushe, kuma kada a karɓi gorar da ba a san abin da aka taɓa zubawa a ciki ba. Mutum ɗaya ya yi ciwon ciki a dalilinku, sunan ƙungiya ya ɓaci a unguwa.

Rabon aiki kuma shi ne makarantar. Ana buƙatar mai sayayya, masu haɗawa, masu zama a tebur, ma'aji, da mai riƙe littafi. Ma'aji daban, mai littafi daban, kada su zama mutum ɗaya, kada kuma su fito daga gida ɗaya. Duk mako biyu a juya, wanda ya yi tebur ya koma sayayya, domin kowa ya koyi taya kaya a kasuwa, ya koyi ba da canji ba tare da ruɗewa ba, ya koyi yi wa babba magana da ladabi ko da ya ƙi saye. Za ku ga yarinyar da ba ta iya ɗaga ido a taro, bayan wata guda ita ce ke bayanin aikin famfo ga baƙo.

Littafin ba wani abu ba ne, na makaranta mai layi ya isa. Kowace rana a rubuta kwanan wata, adadin da aka fitar, adadin da aka sayar, wanda ya dawo, kuɗin hannu, da na tiransifa. Da dare a ƙirga a gaban mutum biyu, su sa hannu. Kuɗi kada ya kwana biyu a aljihun kowa. Wanda ya ce ya turo, kada ku yarda da hoton da ya nuna a wayarsa, sai kun ga kuɗin ya shiga, don alat na bogi ya yi yawa. Bashi kuwa, Bahaushe ya ce hanji ne yana cikin kowa, amma a teburin ƙungiya a rufe ƙofarsa tun ranar farko, kuma shugaba ne zai fara biyan nasa a gaban kowa.

Akwai abin da ba na sassautawa a kansa. Wannan ba talla ba ce. Ba a ɗora wa yarinya faranti a tura ta tasha ko gareji da sunan ƙungiya. Tebur ake kafawa wuri ɗaya, da izinin mai unguwa ko kwamitin masallaci ko na coci, da babba ɗaya a zaune, bayan an tashi daga makaranta, a kuma naɗe kafin dare ya yi. Duk yaron da bai kai shekara 18 ba, sai da yardar iyayensa.

Fatun layya ma hanya ce, kuma ƙungiyar Izala ta daɗe tana tattara su duk shekara. Mai layya ba ya sayar da fatarsa, amma yana iya ba da ita sadaka, wanda aka ba ya sayar. Inda ake asara shi ne jinkiri. Fata tana son gishiri a ranar da aka feɗe ta, a shimfiɗa, a barbaɗa a ɓangaren nama har gefe-gefe, a ajiye a inuwa. Idan aka cusa ta a leda ta kwana, gashi zai fara zuba, dillali ba zai saya ba. Ku yi magana da mai sayen tun kafin salla, ku tanadi gishirin tun ana jajibere.

Masu son dashe, ku fara cika leda tun Maris ko Afrilu: kashi biyu ƙasa mai kyau, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya taki da ya ruɓe, a huda gindin ledar don ruwa ya wuce. Zogale yana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Irin dogon yaro kuwa sabo ake shukawa, idan ya jima a ajiye ba ya fitowa. A killace wurin saboda awaki.

Wani ɗan'uwa ya miƙo takarda yana tambaya: yaya za a raba ribar, kuma a asusun wa za a ajiye?

Malam, da farko a cire jari a mayar wa duk wanda ya ranta. Abin da ya rage, ni a ganina a ware kashi ɗaya cikin biyar don zagaye na gaba, sauran duka ya tafi ga aikin da aka rubuta a kwali, kada a karkatar da shi ga riguna ko walimar ƙungiya. Asusu kuma ya kasance da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, ba a cire ko sisi sai biyu sun sa. Banki zai nemi takardun rajista, don haka ku fara da ofishin matasa na ƙaramar hukuma, idan kun yi ƙarfi ku je CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku yi rajistar amintattu. Kafin nan, a damƙa kuɗin ga dattijo ɗaya da kowa ya amince da shi, da rubutu da shaidu. Ranar da aka gama aikin, a karanta lissafin a bainar jama'a, a manna kwafinsa da rasiɗan makaniki a inda teburin yake.