Takobin Kaka da Fuskokin Wata Biyu

Assalamu alaikum Katsinawan Dikko, na gida da na waje. Yau daga Solingen nake muku magana, garin maƙeran wuƙa da takobi a nan Jamus. Ku yi haƙuri da karkarwar muryata, sanyi ne.

Kawuna ne silar zuwana. Makon jiya ya kira ni daga Katsina, ya zaro takobin kakanmu daga kube, wanda ake rataya wa hamila ranar hawan sallah, ya kara shi a kyamara. "Kai da ke ƙasarsu, tambayo mana. An ce na Jamus ne."

Bari in matso muku da hoton. Kun ga kwarmin nan uku dogaye a tsakiyar ruwan takobin? To, daidai inda suka ƙare akwai jinjirin wata guda biyu, kowanne da ido da hanci da baki kamar fuskar mutum. Wannan tambari maƙeran Turai sun buga shi a ruwan takubban da aka riƙa kaiwa Arewacin Afirka, fatake suka ƙetaro Sahara da su har ƙasar Hausa. Kube da ƙota kuwa aikin namu ne.

Sai dai na ce wa Kawu kada ya yi saurin murna. Da mutane suka ɗauki watan nan alamar ƙarfe mai kyau, maƙeranmu da na Buzaye su ma suka shiga buga shi. Ba laifinsu ba ne, don ko 'yan Solingen ɗin sun ari tambarin kyarkeci mai gudu daga maƙeran Passau, wani gari a kudancin Jamus. A takobin kakanmu kuwa, idon wata ɗaya ya karkace, hancin ɗayan ya kusa shafewa, ga kwarmin bai miƙe sumul ba. Ni dai zuciyata ta fi ba ni aikin gida ne, kuma hakan bai rage shi da komai ba a wurina.

Sai rubutun Larabcin da ke kusa da ƙota. Tsatsa ta ci rabinsa, amma da Kawu ya haska tocila ta gefe, muka karanto "Nasrun minallahi wa fat'hun ƙarib", aya ta 13 a Suratus Saffi. Ita ce a jikin Gajere, takobin Sarki Muhammadu Korau da ke fadar Katsina, tare da kalmar nan ta cewa babu takobi sai Zulfiƙar, babu jarumi sai Ali. Tsigar jikina sai da ta tashi.

Kafin mu ajiye waya Kawu ya ce zai sa yara su goge shi da toka da yashi ya yi ƙyalli kafin sallah. Na ce, "Kawu, don girman Allah a bari! Yashi zai tafi da sauran haruffan." Tsumma mai laushi da ɗan man keken ɗinki sun isa. Ya ce to, amma na san Kawu, shi ya sa na kira Inna na ce ta ɓoye takobin a ɗakinta.