Sharhi: Ƙasar zakarun ƙwallo, yaranta na zaman dirshan

Jama'a masu sauraro, idan aka ambaci Sifaniya, ƙwallon ƙafa ne ke fara zuwa zuciya. Sai dai alƙaluman da ke fitowa daga makarantun ƙasar wani labari daban suke bayarwa.

Binciken ALADINO, wanda hukumar kula da abinci ta ƙasar ke gudanarwa kan yara 'yan shekara 6 zuwa 9, ya gano a 2019 cewa kashi 40.6 cikin ɗari nauyinsu ya wuce kima. A 2023 adadin ya sauko zuwa 36.1. An samu sauƙi, amma bai kai gidajen talakawa ba: inda kuɗin shigar iyali bai kai Yuro 18,000 a shekara ba, ƙiba mai tsanani ta ninka ta gidajen masu hali. A can, ɗan talaka ne ke teɓa, domin burodi mai zaƙi na kamfani da lemon kwalba sun fi kifi da ganye araha, kuɗin shiga kulob ɗin wasanni kuwa ba kowa ke da shi ba.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce minti 60 na motsa jiki kullum ga mai shekara 5 zuwa 17, irin wanda yaro zai yi haki, ya iya magana amma ya kasa rera waƙa. Sau uku a mako kuma a haɗa da tsalle, gudu ko hawa, don ƙarfin ƙashi da tsoka. Gidauniyar Gasol, ta 'yan ƙwallon kwandon nan Pau da Marc, ta auna yara 'yan 8 zuwa 16 a 2019, ta tarar kusan biyu cikin uku ba sa cika wannan awa guda. A cikin 'yan mata, bakwai ne cikin goma.

Dalili na 'yan matan a fili yake ga duk wanda ya leƙa harabar makaranta lokacin tara. Maza sun mamaye tsakiya da ƙwallo, mata na gefen katanga suna hira. Darasin motsa jiki kuma a yawancin makarantu awa biyu ne a mako, cikinsu har da sauya kaya da jiran layi. Da yamma sai waya: a ƙarshen mako yara kusan takwas cikin goma na wuce awa biyun da aka ba da shawara a gaban allo. Ga cin abincin dare bayan ƙarfe tara, barci ya ragu, ƙarancin barci kuma na buɗe ciki. Kullen korona na 2020 ya ƙara dagula lamarin, domin yara sun shafe kimanin mako shida ba fita.

Wani abin damuwa, kusan tara cikin goma na iyayen yaran da nauyinsu ya ɗan haura suna ganin 'ya'yansu lafiya lau. Ido na ruɗi, sikeli ma ba ya nuna kitsen ciki. Tef ɗin tela ya fi: a auna ƙugu tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, bayan yaro ya sauke numfashi. Kada ƙugu ya kai rabin tsawon yaro: mai tsawon santimita 140, kada ƙugunsa ya kai 70.

Gwamnati ta ɗaga harajin lemon zaƙi daga kashi 10 zuwa 21 a 2021, sannan a 2025 ta kafa dokar raba makarantu da lemon. Wannan ya taɓa abinci kawai. Motsi kuwa sai an cusa shi cikin hidimar yini. A Barcelona iyaye sun rungumi abin da suke kira bicibús: yara su jeru kan kekuna, manya a gaba da baya, a bi hanya ɗaya a lokaci ɗaya, ana ɗaukar kowa a mahaɗarsa har ƙofar makaranta. Minti 15 zuwa, 15 dawowa, rabin awar ke nan ta samu ba tare da iyaye sun biya kuɗin kulob ba.