Konk, ƙauyen da masu tafiyar ƙafa suka raya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da hantsi. Ku yi haƙuri da hakin da kuke ji, hawan nan sai mai ƙafa. Da sassafe na baro Rodez, ga ni yanzu a Konk, wanda suke rubutawa Conques, a yankin Aveyron na kudancin Faransa. Ku duba yadda ƙauyen ya lafe cikin kwari kamar an ɗora shi a ƙoƙo. Rufin gidajen duk falalen dutse ne, ba kwano ko ɗaya.

Bari in juya muku kyamara. Wannan ƙatuwar cocin ita ce Sainte-Foy, ginin ƙarni na 11 zuwa na 12. Tun da na iso nake tambayar kaina, me ya kawo irin wannan gini cikin ɗan ƙauye haka?

Amsar tana wurin wata yarinya, Foy, wadda cocin ke ɗauke da sunanta, da aka kashe a garin Agen zamanin Rumawa saboda ta ƙi barin addininta na Kirista. 'Yan zuhudun Konk suna zaune a lungu, ba mai leƙo su. Wajajen shekarar 866 ɗaya daga cikinsu ya ɗauko ƙasusuwanta daga Agen a ɓoye, bayan ya daɗe a can har sun yarda da shi. Ni dai ban ga wani suna da za a ba wannan ba in ba sata ba, amma daga nan hanya ta karkato, don Kiristoci na girmama ƙasusuwan waliyyansu suna ziyartarsu. Masu ziyarar ibada da suka taso daga garin Le Puy na Faransa za su Santiago ta ƙasar Sifaniya suka riƙa yada zango a nan, da kyaututtukansu aka yi ginin.

Ku ɗaga ido saman ƙofa. Mutum 124 aka sassaƙa, hoton ranar hisabi, 'yan aljanna gefe guda, 'yan wuta gefe guda. An yi shi ne domin talakan da bai iya karatu ba. Na fi rabin awa a tsaye.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin juyin juya halin Faransa, da ake narkar da zinariyar coci-coci. Mutanen ƙauyen nan suka rarraba kayan a gidajensu suka ɓoye, ƙura ta lafa suka mayar. Ginin kuwa ya kusa rushewa, sai da Prosper Mérimée, jami'in duba gine-ginen tarihi na Faransa, ya zo a 1837 ya sa hukuma ta kula da shi.

Ga wasu nan sun shigo da sanduna da jaka a baya, ƙafa duk ƙura. Wallahi sai suka tuna mini da kakanninmu masu zuwa Makka a ƙasa ta Sudan. Zan bi bayansu zuwa tsohuwar gadar kogin Dourdou, mu ga inda hanyar ta haura.